Bankin Da Aka Haɗiye

Maimunatu ta sauko daga motar Dumega da littafin ajiya ƙulle a gefen zane, ta tarar bankin ya sake launi. Koren bango ya koma shuɗi, sunan da ke bisa ƙofa ma ba shi ba ne. 

Ita ce fa ta yi ta bin matan ƙungiyarsu ta masu man gyaɗa gida-gida, har suka yarda suka tono kuɗinsu daga ƙasan tukwane aka kawo wannan banki na Dogon Dutsi. Jiya kuwa wata ta ji a rediyo wai an haɗiye bankin. Kafin la'asar tsakar gidan Maimunatu ya cika. Ba wadda ta zage ta. Kallo kawai suka yi mata, wanda da shi gara zagin.

Tsoho Mani mai gadi yana kan bencinsa, cikin sabuwar riga da hannuwanta suka fi nasa tsawo.

"Baba Mani, da gaske an haɗiye mu?"

"Haɗewa anka ce, ba haɗiyewa ba," in ji shi. "Ko da yake ni ma ban ga bambanci sosai ba. Wagga rigata ta ukku ke nan, benci dai guda."

A ciki, ma'aikaciya Mubarika ta karɓi littafin, ta ɗan taɓa na'ura.

"Inna, komi na nan. Ko dala ba ta taɓu ba."

Maimunatu ta tura mata waya. "Sake faɗi nan ciki, ɗiyata, matan su jiya da kunnensu."

Sai da saƙon ya tafi sannan ta sauke ajiyar zuciya, ta samu kujera ta zauna. Daɗi ya cika ta har da ƙwalla. Amma tsoro na wucewa, tsiwarta ta dawo.

"To, ba ni kuɗin duka. Bankin bakin kasuwa za ni kai su. Ban son gidan da ka yawan sake suna."

Mubarika ta danne dariya. "Inna, ai da su anka haɗe mu. An ruhe can. Kujerar da kike bisa ma tasu ce."

Maimunatu ta dubi kujerar, ta jijjiga ta da jikinta sau biyu.

"To, da ƙwarinta," ta ce. "Bar su nan."