A Ƙololuwar Lilo da Mama

Ƙaton lilon nan mai juyawa sama ya yi wata ƙara, ƙiiii, ya girgiza sau biyu, ya tsaya cak. Mu kuwa muna can ƙololuwarsa, cikin ɗan akwatin gilashi da bai fi banɗakin gidan haya ba. Na leƙa ƙasa sau ɗaya, na ga motoci sun koma kiyashi.

"Innalillahi!" Kawu ya sulale daga kujera ya rungume ƙafar Mama. Shi ne fa tun daga tasha yake cika mana baki, wai shekara talatin yana jan babbar mota a gefen ramuka, ko gezau. "Yaya, ki yafe mini! Agogonki da ya ɓace muna yara, ni na kwance shi!"

"Sakar mini ƙafa, sakarai." Mama ta manna hanci a gilashi tana dariya. "Kai, duniya! Auta, dubi wancan bene, har da bishiyoyi a kansa! Haka yake tsayawa kullum don a sha kallo ko?"

"Haka ne, Mama," na ce, idona a rufe. "Kullum."

Ƙarya nake. Shekarata biyu a birnin nan, ban taɓa taka ƙofar wurin wasan ba sai yau. A shagon ɗaukar hoto nake aiki, daga safe har magariba, kuma muna da manyan ƙyallaye masu zane da muke ratayawa a bayan mutum: na bakin teku, na gidan namun daji, na wannan lilo mai kama da ƙatuwar taya. Ranar da zan baro gida Mama ta ja mini kunne, in ta ji birni bai karɓe ni ba, da kanta za ta zo ta tattara mini kaya. Ni kuwa ina son aikina. Don haka duk bayan wata biyu nakan sako ƙyalle ɗaya, in ci kwalliya, in washe baki, in tura mata hoto. Hutuna kuwa a ɗaki nake yin sa, ni da wanki.

Sai ga ta jiya da jaka da Kawu, wai a kai ta lilon da nake hawa.

"To nuna mini unguwarku," in ji Mama. "Kin ce daga nan kina hango tagarki."

Na miƙa yatsa ba tare da na buɗe ido ba. "Can."

"Can ai kan Kawunki ne."

"Ku daina motsi!" Kawu ya kwatsa ihu daga ƙasa. "Duk wanda ya nuna wani abu, akwatin nan karkata yake!"

Iska ta buso. Akwatin ya yi lilo da gaske, hagu, dama. Ban san lokacin da na sauka kusa da Kawu na kama ɗaya ƙafar Mama ba.

"Mama, zan faɗi gaskiya kafin mu mutu! Ban taɓa hawa ba! Ban je teku ba, ban ga zaki ba, duk ƙyalle ne na shagonmu! Ba ni da ƙawar yawo, ba na zuwa ko'ina. Don Allah kar ki mai da ni gida!"

Na buɗe ido ɗaya. Mama ta riƙe ciki, kafaɗunta na rawa, hawaye na bin kumatunta. Sai dariyar ta ƙwace.

"Wayyo cikina! Ke 'yar nan, kin zaci a bayan dutse aka haife ni? Hoton teku, ga soket ɗin lantarki a gindin ruwa! Hoton zaki, an goge shi da dutsen guga, ga layi ya ratsa wuyansa!"

"Kin sani?"

"Tun na biyu. Na nuna wa mai ɗinkin layinmu, ta yi dariya har ta soke yatsa."

"Ni na yarda da na zakin," Kawu ya ce a hankali. "Har na ba da labari a tasha."

Dariya ta kama ni ni ma, ina yi ina kuka, ina riƙe da ƙafarta gam. Sai na ɗago kai. "To yanzu kayana za ki tattara?"

Mama ta share ido da gefen mayafi, ta dube ni sosai.

"Niyyar da na zo da ita ke nan. Amma jiya na zauna a shagonku, na ga yadda kika sa wancan tsohon mai ɗaure fuska ya yi murmushi. Kin iya aikinki. Zaman birnin ne ba ki iya ba." Ta gyara ɗankwali. "Ba inda za ki koma. Ni ce zan zauna, wata guda cur. Hotuna goma sha biyu kika turo mini, duk sai mun je mun ɗauko na gaske. Gobe zaki."

"Ni gobe ina da tafiya," in ji Kawu.

"Kai za ka riƙe mana jaka."

Na miƙe a hankali, na kalli waje da ido biyu. Ashe birnin yana da kogi. Ga gada, ga jirgin ƙasa yana ratsa ta kamar zare, ga wani fili kore shar da ban taɓa jin labarinsa ba. Na yi wani ihu da ban san ina da shi ba, Mama ta taya ni, mutanen akwatin da ke ƙasa da mu suka ɗauka.

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

Muka juya. A wajen gilashin, a sararin Allah, wani ƙaton mutum ne da hular kwano yake reto a jikin igiya. Ya zare sakata, ya leƙo da kai, iska ta cika akwatin.

"Sannunku da hutawa," ya ce, yana warware wata igiyar daga kafaɗarsa. "Injin ya ƙone, sai jibi. Ɗaya bayan ɗaya za ku bi nan. Wa zai fara?"