Kunnuwan Baba

Injin yankan katako ne ya cinye wa Baba kunne. Shekara da shekaru yana tsaye a kansa a shagonsa na kafinta, har ta kai in ka ce masa "ina kwana" sai ya ce maka "gobe za a gama ƙofar". Jikoki su kwashe da dariya, shi ma ya taya su, bai san da shi ake ba.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ta ɗauko shi gidanta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Kuma wallahi ta yi ƙoƙari, kada wani ya ce ba ta yi ba. Ɗaga murya ne kawai ya ishe ta, sai ta samo hanya mai sauƙi. In abinci ne ta nuna baki, in wanka ne ta ɗaga bokiti, magani kuwa ta girgiza masa kwalba. Baƙi in sun zo gaishe shi, kafin ya ce "na'am?" ta riga ta amsa, "Lafiyarsa lau, ya gode."

Yayanta ya taɓa kawo zancen na'urar nan da ake maƙala wa kunne. Ta ce, "Haba Yaya, tsoho ina zai iya da wannan tarkace? Ai ni ce kunnensa." Ta ma mayar da shi ɗakin baya inda hayaniyar yara ba ta kaiwa, wai don ya huta.

Ya kuwa huta. Ya daina tambaya, ya daina tsokanar jikoki, sannu a hankali ya fara neman gudumarsa a cikin firji. Ranar da ya fita da takalmi ƙafa ɗaya zai je buɗe shagon da aka daɗe da rufewa, ta kai shi asibiti.

Likitar ta duba hoton ƙwaƙwalwarsa, ta juyo ta ce, "Wa ke hira da shi a gida?"

Auta ta buɗe baki, ta rasa sunan wanda za ta kira.

Likitar ba ta yi mata faɗa ba. Da ma ta yi, da abin ya fi sauƙi. Cikin natsuwa ta ce binciken 'yan shekarun nan yana nuna tsohon da kunnensa ya yi nauyi, aka bar shi cikin shiru, ya fi saurin faɗawa ciwon mantuwa. "Ban ce shi kaɗai ne sanadi ba. Amma ko yanzu a sa masa na'urar."

Nadama ta cika Auta har wuya. Abu ɗaya take roƙo, ya ji muryarta tun yana iya gane mai ita.

Da aka maƙala masa na'urar sai ya zabura, ya ɗaga kai yana bin ƙarar fanka da ido. Auta ta durƙusa a gabansa.

"Baba, kana ji na?"

"Sarai kuwa."

Daɗi ya kama ta, ta riƙo hannunsa da aiki ya sa ya yi kanta. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya yi murmushin da yake wa baƙi a shago.

"Baiwar Allah, muryarki sak ta autata. Ita ta daɗe da daina yi mini magana, sai dai nuni da hannu. In kin san ta, don Allah ki tambayar mini ita laifin da na yi mata."