Kwana Tara Ba Ci

"Ba zan ba shi ba, Baba," in ji Rahila, tana tsaye tsakanin gadon asibitin da kwanon kunun da Abdulsalami ya kawo.

Abdulsalami ya dubi farar rigarta ta nas. Yarinyar da aka yaye a gabansa ce, 'yar maƙwabtansu mutanen Rijau. Ya ce tun da aka kafa Kontagora ba a taɓa zuwa duba mara lafiya a koma da abinci ba, kuma wansa ne a kwance, ba wanta ba.

A kan gadon, Baba Ɗan'azumi mahauci ya naɗe kamar jariri, ƙarin ruwa na ɗiga a hannunsa. Rahila ta maimaita bayanin likita: akwai wata tsoka a bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ita ce ta kumbura, ruwan nata ya koma yana cin ta. Duk lomar da ta shiga, sai ta ƙara tsiyayo shi. In aka bar cikin ya huta, wani lokaci takan gyara kanta ta sake tofowa.

"Na san ta," tsohon ya ce da ƙyar. "'Yar fara-fara, mai laushi. Shekara arba'in ina yar wa karnuka, ashe tana riƙe da ni a rai." Ya so yin dariya, ciwon ya hana. "Ku bar 'yata ta yi aikinta."

Kwana tara Rahila tana mayar da kwanuka: kunu, fura, romon da abokan sana'arsa suka aiko. Matarsa Iyatu ta roƙe ta, ta yi kuka, har ta zo da koko a ƙarƙashin mayafi. Rahila ta karɓe. Auduga kawai take jiƙawa tana goga masa a leɓe.

A kwana na bakwai zazzaɓin ya sauka, har ya tambayi kuɗin shanu a kasuwa. A na tara, bayan la'asar, ya cika.

Likita ya ce Rahila ta yi daidai, ita ma ta sani. Amma a unguwa maganar ɗaya ce: 'yar boko ta kashe shi da yunwa. Iyatu, wadda ta goya ta tana ƙarama, ba ta ƙara amsa gaisuwarta ba.

Ranar sadakar uku, Rahila ta nufi 'yar kafar wucewa da ke tsakanin gidansu da na mamacin da tulun ruwa a kai. Ta tarar an toshe ta da sabon zana, ciyawar ko bushewa ba ta gama yi ba.