Keken Yaya Lawali

Tun daga Paris Lawali ya taso zuwa Lyon, wai zai sayi keken hawan dutse mai sifirin gaba da baya. Ƙanwarsa Balkisa, da ke zaune a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon, ta raka shi kanti, ta kuwa yi da-na-sani. Ya danna sirdi, ya matsa birki, ya shafa taya kamar mai zaɓen ragon layya, har mai kantin ya fara hamma. Balkisa dai tana gefe tana taɓe baki, don ta san ko matakalar gida Yaya ba ya so.

Daga ƙarshe dai ya saya. Ranar Lahadi suka fita bayan gari gwaji, ita a kan tsohon kekenta. Da suka iso inda ruwan sama ya bar taɓo, ta ratsa ta wuce abinta. Ta waiwayo, sai ga Lawali ya saɓa sabon keken a kafaɗa, yana tafe yana haki.

"Yaya, lafiya? Ya lalace ne?"

"Ke, a wannan ƙazantar zan sa shi?"

Haka ya ɗauko shi har tashar mota, takalmansa sun yi caɓa-caɓa.