Ƙonannen Garin Mama Odet

Zinariya tana kankare gindin tukunya da soson ƙarfe tana tsaki. Ita dai ba ta taɓa gani ba. Mace da furfurarta ta tsaya sa'a guda a kan wuta tana juya fulawa da mai har ya koma kalar gahawa, sannan ta sauke ta tafi ta kwanta, ko kunya babu. Zinariya ta ga gara ta rufa wa tsohuwar asiri. Ta juye ƙonannen garin a shara, ta wanke tukunyar tas, ta kife.

Kwananta uku ke nan a wannan gida na unguwar Abhur a Jidda, gidan Mista Alfred, baƙar fatar Amurka, injiniya a Madinar Masana'antu. Gwaji ake yi mata. Yau kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, mai masana'antar, zai zo cin abinci, kuma Mista Alfred ya yi alkawarin in girki ya yi daɗi zai roƙe shi ya yi mata iƙama, takardar izinin zama. Shekara tara ke nan da ta zo umara daga Damagaram ta maƙale. Ba takarda, ba zuwa gida, don in ta fita ba ta dawowa. 'Yarta Aissa ta yi aure har ta haihu biyu, duk a kaset take jin labari.

Mama Odet, uwar maigidan, wadda ta zo ganin ɗa daga Luwiziyana, ta shigo madafa tana gyara tabarau. Ta dubi murhu, ta dubi tukunya a kife, ta leƙa shara. Sai ta jawo kujera ta zauna. Da dai ta yi faɗa da ya fi sauƙi.

Aka kira Othman direba, haifaffen Jidda, mai Turancin gidajen Turawa da Hausar da ya tsinta a bakin kakarsa.

"Khala, wallahi kin yi mushkila," ya ce. "Wannan ba ƙuna ba ce, da gangan ake yi. Shi ne asalin miyar garinsu, gumbo. Kuma fulawar ta ƙare, baƙi suna nan tafe ba'adal asar."

Zinariya ta dubi tsohuwar, ta dubi Othman.

"Tambaye ta, ban da garin me ake sawa?"

"Kaza, jatan lande, albasa, tattasai, da bamiya. Ya'ani kuɓewa."

"Kuɓewa?" Zinariya ta gyara ɗaurin zani. "To miyar kuɓewa ce ake ta wannan wahala a kanta? Ka ce mata ta je ta huta."

Tsohuwa ba ta tafi ba. Tana zaune tana kallo Zinariya ta goga kuɓewa, ta kwance ƙullin kanwa daga bakin mayafi ta jefa 'yar kaɗan. Mama Odet ta ɗaga hannu ta yi magana.

"Ta ce su soya ta suke yi don yauƙin ya mutu," in ji Othman.

"In aka kashe yauƙin, me ya rage? Ka ce mata a fulawa ita ce malama. A kuɓewa kuwa ta bar ni."

Da aka kai abinci, Zinariya ta laɓe a bayan ƙofa. Balaraben ya ɗebi miya, ta biyo cokali kamar zare, ya juya hannu, ta ƙi tsinkewa. Ya ɗanɗana don kara, ya ture kwanon, ya ci shinkafarsa gaya da yankan lemun tsami. Mista Alfred bai ɗago kai ba.

Halas, shi ke nan, Zinariya ta ce a ranta. Ta koma madafa ta fara ninke mayafinta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ko yanzu aka ce ta sake, da kanwa za ta sake.

Tana neman takalminta Mama Odet ta shigo, Othman a bayanta. A hannun tsohuwar kwano ne da aka suɗe tas. Ta daɗe tana magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ta ce wannan ba gumbo ba ce, kada ki ruɗi kanki," in ji Othman. "Amma ta ce kakarta, wadda ta tashi a gonar rake a bakin kogi, haka take yin tata, mai yauƙi. 'Ya'yanta da suka koma birni suka ce abincin ƙauye ne, suka daina. Shekara sittin rabonta da ita."

"Allah ya jiƙan kakarta. Baƙon dai bai ci ba."

Othman ya yi dariya. "Baƙon ya sha mamaki, khala. Ba ta jira ɗanta ba. Ita ta dube shi a kan tebur ta ce tsohuwa tana da buƙata, a yi miki iƙama. Kin san Balarabe, uwa ta roƙe shi a gaban mutane yana cin abincinta, ina zai sa kansa? Ya dafa kai ya ce ala rasi, ya amince. Ranar Asabar ki kawo fasfo da hoto huɗu."

Zinariya ta ajiye takalmin, ta karɓi kwanon. Ta so ta yi godiya, sai ta ji tsohuwa ta ƙara wata magana tana nuna ƙullin kanwar.

"Ta ce gobe za ta koya miki ƙona gari, dole. Kuma ta ji ana busar da kuɓewa a ƙasarku. Ta ce in kin je gida ki kawo mata."

"Me ta ce?"

"Busasshiyar kuɓewa."

"A'a, kafin nan."

"In kin je gida."

Shekara tara ba wanda ya faɗa mata wannan magana. Ta juya wa mutanen baya, ta buɗe famfo a kan kwanon da ke hannunta.

"Ka tambaye ta," ta ce, "dakakkiya take so ko yankakkiya?"