Yadda Na Ƙara wa Kwamishinoni Albashi

Ranar Litinin aka manna sanarwar a ƙofar ɗakin malamai. Ina zaune a kujerata ta kusa da taga ina duba littattafan 'yan aji uku, sai malamar kimiyya ta ɓamɓaro takardar ta shigo da ita. Ita ce shugabar ƙungiyar malamai ta shiyyarmu, kuma idan ta tsaya a tsakiyar ɗaki kowa ajiye biro yake yi.

Ta karanta mana. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin da zai sake duba albashin gwamna da mataimakinsa, da kwamishinoni, da 'yan majalisa. Ranar Alhamis za a saurari jama'a. Kowace ƙungiya ta turo mutum ɗaya, kowane mutum minti biyar.

"Shekara shida ba a taɓa namu ba," in ji ta. "Su kuma ana maganar a ƙara musu kashi arba'in cikin ɗari. Saƙonmu ɗaya ne: duk kashin da aka ƙara wa na sama, a ƙara wa na ƙasa irinsa, kuma a cikin doka ɗaya. Wa zai je ya faɗa?"

Malamin wasanni, wanda yara da manya ke kira Usur, ya ɗaga hannu.

"Kai ka sauke hannunka," ta ce. "Kuɗin ƙungiya bai kai na beli ba."

Aka yi dariya, sannan idanu suka fara juyowa wajena ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce Malam ya san lissafi. Wata ta ce Malam ba ya fushi. Usur ya ce kuma rigarsa kullum a goge take, za su ɗauka ɗan uwansu ne. Na ce a'a, akwai waɗanda suka fi ni iya magana, na kuma maimaita sau biyu yadda ya kamata. Amma gaskiyar magana, kaina ya ɗan kumbura. Shekara ashirin da shida ina koyar da lissafi, ba a taɓa aikena ko'ina ba sai gadin jarrabawa.

Da na koma gida na rubuta jawabin yadda na saba rubuta darasi: gabatarwa, manufa, bayani, misali biyu, kammalawa. Na tsaya a falo na karanta wa matata, ita kuma tana riƙe da waya tana duba lokaci.

"Minti sha tara," ta ce. "Malam, minti biyar ɗinka sun ƙare kana cikin gaisuwa."

"To ai ba a shiga magana babu shimfiɗa."

"Shimfiɗar taka ta fi ɗakin girma. Ka fara da ƙarshen."

Kwana biyu muna yanka. Duk sakin layin da ta ce a cire sai na ji kamar haƙori ake cire mini. Ranar Laraba da yamma muka kai shi minti huɗu da rabi, saƙon malamai kuma yana layin farko. Da safiyar Alhamis ta gyara mini wuyan riga, ta zare jan birona daga aljihu ta ajiye a kan tebur.

"Wannan ya jira ka a gida. Magana ka je yi, ba duba jarrabawa ba."

Zauren taron yana hawa na biyu a sakatariya. Sanyin na'ura ya sa na yi da-na-sanin rashin ɗauko rigar sanyi. A gaba akwai dogon tebur da aka lulluɓe da farin ƙyalle, an jera robobin ruwa, kowace da kofinta a kife. Shugaban kwamitin tsohon alƙali ne, siririn dattijo. Ya cire agogonsa ya ajiye a gabansa kusa da wata 'yar ƙararrawa. A kusurwa akwai farin allo mai ƙafa uku, da alƙaluman allo biyu a bakinsa. Na lura da allon tun shigata, kamar yadda mahauci ke lura da akuya ko a gidan biki. Aka ba ni lamba: ni ne na bakwai.

Aka raba mana takarda mai jadawalin sabon albashi, sannan kwamishinan kuɗi ya tashi zai yi bayani a madadin gwamnati. Yana buɗe baki na gane shi. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gefen kunne, amma yadda yake murza yatsunsa bai canza ba. Tsohon ɗalibina ne. A bencin ƙarshe yake zama, kuma duk ranar da za a yi lissafin kashi cikin ɗari sai ya lafe a bayan wani dogon yaro. Yaro ne mai ladabi. Lissafi ne kawai ba su taɓa jituwa ba.

Ya yi bayaninsa lafiya lau, har ya fara tattara takardu. Sai wata 'yar jarida a layin gaba ta miƙe.

"Yallaɓai, takardarku ta ce alawus-alawus duka, na gida da na mota da na baƙi da sauransu, sun kama ninki biyu na albashi. Na ninka, bai ba ni abin da kuka rubuta a ƙasa ba. Me kuka ɓoye a tsakani?"

Kwamishina ya duba takardar. Ya juya ta. Ya waiga wajen ma'aikatansa, su kuma duk suka sami abin karantawa a wayoyinsu. Shugaba ya ce ga allo nan, a nuna wa jama'a. Kwamishina ya je ya ɗauki alƙalami, ya rubuta lamba, ya goge da tafin hannu, ya sake rubutawa. Wani daga baya ya ce, "A kawo masa tsakuwa ya ƙirga." Zauren ya fashe da dariya. Gumi ya fara bin bayan wuyansa duk da sanyin nan.

To, ni ina da ƙa'ida ɗaya a aji. Ba na barin yaro ya wuce minti ɗaya a gaban allo ana yi masa dariya. Sai in je in tsaya kusa da shi in ce mu yi tare. Na yi haka sau dubbai, har ƙafafuna sun haddace. Ban tuna lokacin da na yanke shawarar tashi ba. Na dai tsinci kaina a gefensa, alƙalami na biyu a hannuna.

Ya dube ni, bakinsa ya buɗe. "Malam?"

"Mu yi tare," na ce. Na juyo ga jama'a. "A yi shiru a baya, don Allah."

Abin mamaki, aka yi shirun.

Na ce mu sauƙaƙa, mu ɗauka tsohon albashi ɗari ne. Alawus ninki biyu, ɗari biyu ke nan, jimla ɗari uku. Na tambaya ko kowa yana tare da ni, har shugaba ya gyaɗa kai. Na ce yanzu an ƙara arba'in, albashi ya zama ɗari da arba'in. Na miƙa wa kwamishina tambayar da na san zai iya, don yaro yana bukatar ya ci ko ɗaya a gaban jama'a.

"Ninki biyu na ɗari da arba'in?"

"Ɗari biyu da tamanin."

"Madalla. To su waɗanda suka shirya jadawalin nan sun bar shi a ɗari biyu, sun lissafa alawus a kan tsohon albashi. Shi ya sa suka sami ɗari uku da arba'in. Amsar daidai ɗari huɗu da ashirin ce." Na ja layi biyu a ƙarƙashinta. Na juya ga 'yar jaridar cikin murmushi. "Kin gani, 'yata, babu abin da aka ɓoye. Kansu ma suka cuta."

Sai da kalmar ƙarshe ta fita na ji abin da na faɗa.

A layin manyan baƙi fuskoki suka washe kamar an ɗaga labule. Wani ɗan majalisa ya fara tafi. 'Yar jaridar ta tsaya tana kallona, biro a baki. Shugaba ya juya ga sakatarensa ya ce a gyara jadawalin duka, daga gwamna har ƙasa, bisa yadda malam ya nuna. Sannan ya duba takardar sunaye, ya duba lambar da ke maƙale a ƙirjina, ya kaɗa ƙararrawa.

"Na bakwai, kwamiti ya gode."

"Ranka ya daɗe, ai ban fara ba."

"Ka tashi sha ɗaya da minti goma. Yanzu sha ɗaya da minti sha bakwai. Biyu ma na ƙara maka don darajar ilimi."

Na ce to ko in bar takardata. Ya ce tun jiya aka rufe karɓar takardu, abin da aka faɗa da baki kawai za a rubuta. Na koma kujerata. Jawabin minti huɗu da rabi yana aljihuna a ninke, ko iskar zauren bai sha ba.

A bakin matakala kwamishina ya cim mini. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ɗan rusuna, masu tsaronsa suna kallo.

"Malam, har yau kai ne mai cetona."

Ga shi a gabana, shi kaɗai, kunnensa a buɗe. Ko jimla ɗaya ce ta isa. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka riƙa duba aikinka kafin ka miƙa." Ya ce in Allah ya yarda. Aka buɗe masa mota.

Matata ta riga ta ji a rediyo. Ta ajiye mini abinci.

"Ni na ɗauka biron ne matsalar," ta ce.

Washegari na so in wuce aji kai tsaye, amma rajistata tana ɗakin malamai. Ina shiga Usur ya miƙe ya ƙame, ya sara mini.

"A ba da hanya, mai ba gwamnati shawara kan ƙarin albashi ya iso. Yallaɓai, a zuba shayi ko sai an kawo na ofis?"

Wani ya jawo mini kujera ya kaɗe ta da hularsa. Malamar kimiyya ba ta yi dariya ba, kuma nata ya fi ciwo. Ta jira na zauna.

"Malam, nawa ka ƙara musu?"

"Tamanin a kan kowane ɗari na tsohon albashi."

"Mu fa?"

"Ban kai wajen ba."

Da na kama bakina da ya fi, amma sai na ji kaina ina cewa, "Lissafin dai daidai ne."

"Mun sani," ta ce. "Shi ya sa muka aike ka. Laifinmu ne."

Saura dama ɗaya. Bayan mako biyu rahoton zai je majalisa, kwamitinta zai saurari ƙungiyoyi, kowa minti biyu. Ba a yi dogon zance ba, aka zaɓi Usur. Ni aka ce in rubuta masa abin da zai faɗa, kada ya wuce layi uku. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamarsa ba. Na kawo biyar, malamar kimiyya ta soke biyu a gabana. Usur ya haddace sauran yana zagaya fili da gudu.

Aka kuma yanke cewa ranar ba zan kusanci majalisa ba. Don a tabbatar, aka ba ni darasinsa na wasanni.

Haka na tsaya a tsakiyar fili cikin rana da takalmina na ofis, yara arba'in da biyu suna jiran in ce wani abu. Na jera su daga gajere zuwa dogo. Na sake jera su daga dogo zuwa gajere. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ko mu yi gudu?" Na ce shawara ce mai kyau.

Ana gab da tashi Usur ya dawo, muryarsa a dishe. Muka taru a kansa. Ya ce ya faɗi layi ukun, ya ga da sauran lokaci, ya sake faɗa, ya kuma faɗa na uku da ƙarfi har akawu ya ce ya rubuta, ya isa. Sai wani ɗan majalisa ya tambaye shi nawa ƙarin malaman zai ci wa jiha.

"Me ka ce?" in ji malamar kimiyya.

"Na ce ban sani ba. Wanda ya sani mun bar shi a makaranta da gangan."

Ya ce an yi dariya, har da waɗanda suka yi mini tafi. Amma shugaban kwamitin majalisar ya ce ba za a wuce da dokar ba sai ƙungiya ta kawo alƙalumanta a rubuce, nan da ranar Talata.

Idanu suka sake juyowa wajena, wannan karon a hankali, kamar mai komawa wajen likitan da ya taɓa yi masa allura a inda ba nan ke ciwo ba. Malamar kimiyya ta ɗauko farar takarda ta ajiye a gabana.

"Za ka yi lissafin," ta ce. "A nan, a kan teburin nan, ina zaune. Ni zan kai."

Na ce to. Na tambaya ko zan iya sa 'yar gabatarwa.

"A'a," suka ce gaba ɗaya.