Jan Fenti a Jikin Maɗaci

Uwar Biyu ta dangwala yatsa a jikin maɗacin, ta duba. Jan fentin bai ma gama bushewa ba. Duk manyan itatuwan gonarta an shafa musu shi daidai ƙirjin mutum, kuma babu wanda ya yi mata ko sallama.

"Kin dai gani da idonki, Yaya," in ji Auta, ƙanin marigayi mijinta, yana tsaye a bayanta da hannu a aljihu. "Jiya suka zo da motar gwamnati. Wata yarinya ta zagaye kowane itace da igiyar awo, ta shafa fenti. Wa kika taɓa gani yana yi wa itace haka?"

Ta san amsar. Masu sayen katako ne kaɗai ke auna itace a ƙirji su shafa masa ja, kuma wanda suka shafa ba ya daɗewa a tsaye.

"A rediyo cewa suka yi shirin kare itatuwa ne," ta ce. "Wai suna shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya."

"Hayaƙin wa? Na murhunki? Yau su ce itacen nasu ne, gobe su ce inuwar ma tasu ce, jibi gonar ta zama gandun daji, ke da 'yan biyunki ku koma cin iska. Amma gonar da babu itace, me za su kare a ciki? Maƙwabta duk sun kira mai injin yankan itace. Ni ma na yi miki magana da shi."

Maganar ta shige ta, don gonar nan ita ce cinta, ita ce makarantar yaran. Sai dai Auta mutum ne da tun rasuwar wansa bai taɓa riƙe fartanya a gonar ba, ko da wasa. Yau kuma shi ne da sammako, tausayin marayu ya hana shi karyawa. Ga shi babban abokinsa shagon katako gare shi a bakin tasha.

"Kada a taɓa mini ko reshe sai na dawo," ta ce. "Zan je in ji daga bakinsu."

Motar haya ta sauke ta a gari rana ta take. A ofishin kula da gandun daji masinja ya zaunar da ita a benci, ƙarƙashin wani hoton kurmi kore shar wanda ba ta taɓa ganin irinsa a ƙasa ba. Da aka kira ta ciki, kafin ta zauna sai da ta ƙwanƙwasa teburin da bayan yatsa. Maɗaci ne, mai kyau kuwa. Ta ce a ranta, masu kare itace ke nan.

Malamar dajin yarinya ce, da saura jan fenti a gefen farcenta.

"Sannu da zuwa, Mama. Laifinmu ne, ya kamata mu fara tara ku. Awon nan don mu san yawan hayaƙin da itacen ya riƙe ne. Fentin kuma don kada mu auna itace ɗaya sau biyu. Wanda ya bar nasa a tsaye, za a ba shi iri da taki."

"To me ya sa ja, 'yar nan? Duk duniya babu wani launi?"

"Shi muka samu a sito."

Uwar Biyu ta ƙura mata ido. Amsar ta yi mata sauƙi da yawa, kuma ita amsa mai sauƙi daga bakin gwamnati tsoro take ba ta.

"Gonata fa? Za ku haɗa ta da gandun daji?"

"Babu wannan a shirin. Gona taki ce."

"In aka ɗauke ki daga nan, aka kawo wani, shi ma haka zai ce?"

Malamar ta murza farcen nan nata.

"Wallahi, Mama, ban sani ba. Abin da na sani, yau babu mai taɓa miki gona."

Da malamar ta rantse mata da alkawari, da Uwar Biyu ta koma gida ta kira mai inji da kanta. Amma tun safe wannan ce magana ta farko da aka faɗa mata ba tare da an nemi ta yi wani abu ba. Ta miƙe, zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Itatuwan za su tsaya, in ya so a ga abin da gobe za ta kawo.

Da ta dawo ƙauye, tun daga bakin titi ta jiwo kukan inji. Gonakin maƙwabta sun yi tas, sai kututtura da ƙurar katako. Ta tattare zane, ta sa gudu irin wanda ta manta rabonta da shi.

A tata gonar injin yake, a gindin babban maɗacin da marigayi mijinta ya saba jingina keke. Auta na hango ta ya fara sosa ƙeya.

"Yaya, cewa na yi kafin ki dawo..."

"Kashe!" ta daka wa mai injin tsawa.

Ya kashe, ya share gumi da gefen riga, ya gaishe ta da fara'arsa. "Sannu, Mama. Allah dai ya saka wa gwamnati. Tun da ta fito da shirin kare itatuwan nan ban zauna ba."

"Kwashe kayanka ka fita."

"Fita ba wuya. Amma wannan na ci fiye da rabinsa. In na bar shi haka, iskar farko za ta kayar da shi, kuma ba ya zaɓen kan wanda zai faɗa. Yaranki a nan suke wasa, ko ba haka ba?"

Ta duba yankan. Ya yi zurfi, hannunta zai shige har gwiwa. Ta juya neman Auta, amma ya riga ya kai bakin hanya, yana sauri kamar an aike shi.

"Ƙarasa," ta ce.

Sannan ta taka zuwa maɗaci na gaba, ta zauna a gindinsa, ta jingina bayanta, ta miƙe ƙafafu.